A Rubuta Gona Tun Shaidu Suna da Rai

Ya ku manoman Arewa, na tudu da na fadama, da ku masu dabbobi, na ruga da masu turke a gida, da ku 'yan kasuwar da kuke sayen hatsi kuna sayar da taki, ku ba ni kunnuwanku. Amfanin gona ya shigo gida, rani ya kama, hannu ya ɗan huta. Akwai aikin da nake roƙon kowane gida ya yi kafin ruwan farko ya sauka. A rubuta gona. A rubuta burtali da mashaya. A rubuta bashi. Kuma daga yau kada wanda ya ƙara dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba.

Na san amsar da za a ba ni, don ita ake bayarwa a kowace majalisa: "Gonar nan tun kakan kakana muke nomanta, kaf garin nan wa bai sani ba?" Gaskiyarka, Baba. To amma su wa suka sani? Mai unguwar da aka yi rabon a gabansa ya rasu. Limamin da ya shafa fatiha ya rasu. Maƙwabcin da kuka dasa gambar iyaka tare ya kwanta tsufa, 'ya'yansa suna Legas da Fatakwal wajen nema, ba su san inda aduwar nan take ba balle su rantse a kanta. Ita kuwa gambar, garma tana ɗan gutsurarta kowace damina. Ranar da za a tsaya gaban alƙali ba zai tambayi abin da gari ya sani ba. Shaidu zai nema waɗanda za su buɗe baki, ko takarda.

Da yawanmu ba mu san ma matsayin ƙasar da muke nomawa a wurin hukuma ba. A ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta danƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A Kudu abin ya zo da girgiza. A Arewa kuwa tsohon zance ne, domin tun 1910 Turawan mulki suka sa ƙasar Arewa a ƙarƙashin ikon gwamnansu, gwamnatin Jihar Arewa kuma ta sabunta tsarin da dokar 1962. An kuma cusa dokar 1978 a cikin tsarin mulkin 1999, ta yadda ba a taɓa ta sai an bi doguwar hanyar gyaran tsarin mulki. A idon wannan doka, abin da kake da shi a gonarka shi ne haƙƙin zama da amfani. Ƙasar kanta ba a hannunka take ba.

Kada wannan ya karya maka gwiwa, domin a cikin dokar nan akwai makamai da aka ajiye maka, ba ka ɗauka ba ne kawai. Sashe na 36 ya ce wanda yake noma ƙasar karkara tun kafin dokar, ko magajinsa, ana ɗaukarsa tamkar an riga an ba shi haƙƙin gargajiya, kuma yana iya zuwa ƙaramar hukuma a yi masa rajista. Sashe na 6 ya ba ƙaramar hukuma ikon bayar da haƙƙin gargajiya har hekta 500 don noma, har hekta 5,000 don kiwo, ba sai ta nemi izinin gwamna ba. Kotun Ƙoli kuma ta sha yanke hukunci cewa satifiket ɗin da wani ya yanko a kan ƙasar da wani yake da haƙƙi a kanta tun da farko, ba tare da an soke wancan haƙƙi bisa ƙa'ida ba, takarda ce kawai. Sai dai fa kafin kotu ta faɗi haka sai ka tabbatar mata cewa kai ne na farkon, kuma a nan ne ake kayar da mu. Kwamitin gyaran harkar ƙasa da marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2009, ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, ya yi ta nanata cewa ƙasar Nijeriya da ke da rajista ba ta wuce kusan kashi 3 cikin ɗari ba. Ka san kuwa wannan ɗan kason ba gonakin ƙauye ba ne.

Yanzu ga inda ƙaiƙayin yake. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙinka don amfanin jama'a, kuma a fassarar dokar, amfanin jama'a ya haɗa har da bunƙasa masana'antu da aikin gona. Ta wannan ƙofa ake shigo da manyan kamfanoni. Sashe na 29 kuma ya ce diyyar da za a biya ta abin da ke kan ƙasa ce: gini, rijiya, itatuwa, shuka. Ita ƙasar, wadda ta ciyar da gidanku shekara ɗari, ba a yi mata kuɗi. Wanda ya taɓa ganin yadda ake ƙiyasin nan ba ya mantawa. Mota ta tsaya a bakin gona a tsakiyar rani, mutum uku su sauko, ɗaya da na'urar awo mai ƙafa uku, ɗaya da littafi. Mai littafin ya ɗaga kai ya ƙirga: mangwaro huɗu, ɗorawa biyu, kuka ɗaya. Ya dubi ƙasa, gero an girbe tun kaka, ko kara an kwashe, sai ya rubuta cewa babu shuka a kai. Mai gona yana tsaye a gefe da hula a hannu yana yi musu sannu da aiki, har ya aika yaro ya kawo musu fura. Bayan wata shida a kira shi sakatariya, a nuna masa inda zai dangwala, a miƙo masa abin da ba zai sayi rabin eka a ƙauyen gaba ba.

Mun ga ƙarshen irin wannan a Bakolori, kusa da Talatar Mafara. An gina madatsar ruwa a kan Gulbin Sakkwato a shekarun 1970, ruwa ya cinye garuruwa da gonaki, aka hana mutane noma ana gyaran filayen ban ruwa, maganar diyya da rabon sababbin gonaki ta rikice. Manoma suka tare hanyoyi. A watan Afrilun 1980 aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa aka kashe. A Jigawa ma, wajen 2016 zuwa 2017, manoman Gagarawa da ƙananan hukumomin da ke maƙwabtaka da ita sun yi ta kokawa a kan hekta 12,000 da aka ware don noman rake. Ba ina cewa kada a gina madatsa ko kada a kafa masana'antar sukari ba. Muna so. Abin da nake cewa shi ne mutumin da sunansa ba ya cikin kowane littafi shi ake fara takawa, kuma shi ake mantawa ranar biya.

Saboda haka in masu awo suka sauka a garinku, kada ku ɗauki gora, kada kuma ku tsaya kuna sannu da aiki. Ku tambayi takardar sanarwa. Doka ta wajabta a ba mai haƙƙi sanarwar sokewa a rubuce, da sa hannun jami'in da gwamna ya wakilta, kuma kotuna sun rushe sokewar da aka yi ba tare da ita ba, kamar yadda suka rushe wadda aka karɓe daga hannun wani don kawai a miƙa wa wani ya amfana. Ku ɗauki hoton kowace bishiya da kowace rijiya da waya, mai gona yana tsaye kusa da ita. Ku nemi kwafin abin da aka rubuta a kan sunan kowa. Ku yi karo-karo ku ɗauki lauya ɗaya da mai ƙiyasi ɗaya na gari gaba ɗaya, don abin da mutum guda ba zai iya biya ba, gida ɗari biyu ba za su ji shi ba. Ku sani kuma cewa inda ƙaramar hukuma ce ta karɓi gona, sashe na 6 ya ce ta ba mai ita wata a madadinta. In aka ce filin na al'umma ne, doka ta yarda gwamna ya sa a biya diyyar ta hannun shugaban al'ummar, to ku tsaya a faɗi adadin a bainar jama'a, a ƙofar fada, kowa yana ji. Mutanen da ke gefen manyan birane, irin su Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato, su ƙara buɗe ido: ranar da gwamna ya ayyana yankinku a matsayin birni, ikon bayar da ƙasa ya bar hannun ƙaramar hukuma ke nan, ko da kuwa har gobe dawa kuke shukawa.

Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Yawancin gonakin da ake rasawa ba gwamna ne ke karɓewa ba. A cikin gida ake cinye su. Uba ya rasu, a ce kada a raba gandu don zumunci, babban wa ya ci gaba da noma. Shekara ashirin ta wuce, shi ma ya rasu, 'ya'yansa su tashi da sanin cewa gonar babansu ce. Ƙannen da suka yi kawaici su zama maroƙa a kan haƙƙinsu. Mata kuwa ba a ma maganarsu. Shari'a ta ba 'ya mace rabin rabon ɗa namiji, ta ba matar mamaci tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu, amma sau nawa aka auna wa mace kasonta na gona aka kafa mata iyaka? Sai a ce, "Ke da kike gidan wani, me za ki yi da gona? Za a riƙa aiko miki da dami." A aiko shekara biyu, a ta uku a ce damina ba ta yi kyau ba. Wannan cin haram ne, ko da mai yinsa yana sahun farko. Ku raba gado da wuri. In kun zaɓi ku ci gaba da noma tare, madalla, amma a rubuta kason kowa, a ba kowace mace kwafinta ta ajiye a ɗakinta.

Sai aro da haya da jingina da noma-mu-raba. Mutum ya shiga matsi, matarsa tana asibiti, ya jinginar da fadamarsa a kan kuɗi kaɗan, da baki, da dare, don kada a ji sirrinsa. Bayan shekaru ya tara kuɗin ya kawo, a ce masa ai sayarwa ya yi. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu na Musulunci suke aiki da shi akwai hukuncin hauzi: wanda ya ga wani bare yana riƙe da gonarsa yana amfani da ita kamar tasa har shekara 10, yana gari, ba abin da ya hana shi magana, ya yi shiru, to da'awarsa ta raunana ƙwarai. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo. Hauzi ba ya cin aro ko haya ko jingina, kuma ba ya cin wanda tsoro ko gudun hijira ya hana shi magana. To amma wa zai tabbatar aro ne in masu shaidar sun mutu? Ina tuna wa dubban mutanen Zamfara da Katsina da Sakkwato da Neja da Birnin Gwari da 'yan bindiga suka raba da garuruwansu: ku da kuke zaune a garin wasu tare da dagacinku da dattawanku, yanzu ne lokacin da za ku zauna a rubuta gonar kowa da iyakokinta, tun ana tunawa. Ranar komawa tana nan tafe da yardar Allah, kuma kada ta zama ranar buɗe sabuwar rigima.

Takardar da nake nufi ba abu ne mai wuya ba. Sunan mai bayarwa da na mai karɓa har da na iyayensu. Inda gonar take, da wanda ke gabas, yamma, kudu da arewa. Irin cinikin a fili: sayarwa ce, aro ne, haya ce, jingina ce, kyauta ce. Nawa ne kuɗin, har zuwa yaushe, wa ke da 'ya'yan itatuwan da ke ciki. Kwanan wata, shaidu waɗanda aƙalla biyu daga cikinsu matasa ne, sa hannun mai unguwa da hatimin dagaci. A rubuta da boko ko da ajami, duk wanda masu abin suke karantawa. A yi kwafi uku, a ɗauki hotonta da waya, don gara da gobara ba su san darajar takarda ba. Wannan ba ta kai satifiket ƙarfi ba, kuma doka ta ce sayarwa ko jinginar da haƙƙin gargajiya yana buƙatar amincewar ƙaramar hukuma, don haka wanda ya samu hali ya wuce sakatariya, mai babbar gona kuma ya nufi ofishin filaye na jiha, irin su KANGIS a Kano da KADGIS a Kaduna. Amma ko ta dagacin ce kaɗai, ta fi "kowa ya sani" nesa ba kusa ba. Wanda kuma yake jin cewa neman takarda rashin yarda ne da ɗan'uwa, ya tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ma littafi guda ya wallafa a kan hukuncin mallakar ƙasa. Ba Bature ne ya kawo mana wannan ba.

Na juyo gare ku, Fulani makiyaya, da ku manoman da kuke maƙwabtaka da su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma namu bangon a kan burtali ya tsage. A 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. Ana lissafa guda 415 a faɗin ƙasar nan, amma waɗanda aka tabbatar a gazet ɗin gwamnati ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran suna nan a baki kawai, shi ya sa shugaban ƙaramar hukuma ko wani basarake yake iya yanka su ya raba wa masu kuɗi da 'yan siyasa, ba wanda zai ce masa don me. Manomi ƙarami shi ma ya ga burtali fili ne mai taki, ya ci taku biyar bana, taku biyar baɗi, har hanyar da garke ke bi ta koma ta ƙafa. Noman rani ya zagaye mashaya. Karan dawa da harawa da a da ake bar wa shanu su ci su bar taki, yanzu kuɗi ne. Saniya ba ta tashi sama. In ka toshe mata hanya, ta cikin gonarka za ta bi.

Ku ma makiyaya kuna da naku. Ba a sakar wa yaro ɗan shekara goma shanu ɗari a tsakiyar damina. Ba a kiwon dare a gefen gonar da ba a girbe ba. Wanda ya ga amfanin shekarar mutum a tsaye ya kora masa garke da gangan, azzalumi ne, kuma ya jawo wa Fulanin da ba su ji ba ba su gani ba. Musulunci bai bar wannan a duhu ba: hukuncin da ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik shi ne masu gona su tsare ta da rana, ɓarnar da dabbobi suka yi da dare kuma tana kan masu dabbobin. Abin da ya kamata kowane gari ya samu shi ne kwamitin ƙiyasta ɓarna, da manomi da makiyayi da wakilin dagaci da na arɗo da malamin gona, a je a gani da ido kafin rana ta faɗi, a yanke, a rubuta, a biya, a ba da rasit. Yadda ake yi yanzu, ɓarnar buhu biyu sai ta ci sa guda a tsakanin ofishin 'yan sanda da 'yan sa-kai da masu shiga tsakani, mai gona bai samu ko tiya ba, mai shanu ya tafi da ƙulli a zuciya. Mun ga abin da wannan ƙulli ya haifa a dazukan Zamfara.

Arɗo, rugar da kuka shekara arba'in a cikinta, da sunan wa take? In amsar ita ce "dagacin da ya sauke mu mutumin kirki ne", to ka sani jikansa ba lalle ya gaje shi a kirki ba. Ku yi rajistar ƙungiya, ku nemi haƙƙin kiwo a rubuce daga ƙaramar hukuma, dokar 1978 ta ba ku wannan dama. Masu gangarawa kudu kuma su san dokar inda za su. Binuwai ta haramta kiwon sake tun Nuwamban 2017, ana kama shanu ana cin tara, kuma bayan taron gwamnonin Kudu a Asaba a watan Mayun 2021 jihohi da dama sun bi sahu. Ko kana ganin dokar zalunci ce, a kotu da majalisa ake yaƙarta, ta hannun ƙungiya da lauya. Yanzu da aka kafa ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya a 2024, abin da za ku tasa ta a gaba da shi shi ne a auna wuraren kiwo da burtulla, a kafa musu turakun siminti, a saka su a gazet.

Kada wani ya ce ba zai yiwu ba, don 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka suna yi. Nijar ta ɗanɗana nata ɗacin: a Toda, cikin jihar Maraɗi, a 1991, an kashe sama da mutum ɗari a rikicin manoma da makiyaya, akasarinsu mata da yara. A 1993 ƙasar ta kafa dokar tsarin karkara, wadda a ƙarƙashinta daga baya aka samar da kwamitocin ƙasa har zuwa matakin ƙauye. Mai gari ne shugaba, akwai magatakarda, akwai wakilan manoma da makiyaya da mata da matasa, kuma a nan cikin gari ake ba mutum takardar shaidar gado ko saye ko kyauta ko aro ko jingina. A 2010 aka ƙara da dokar kiwo, wadda ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi. Kowace shekara hukuma tana sanar da ranar sakin gonaki, kowa ya san lokacin da dabba za ta shiga. Ba a ce rigima ta ƙare a Nijar ba, kuma kwamitoci da yawa ba su da ko kuɗin takarda. Amma mutumin Madarunfa yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa a ƙauyensu, ɗan'uwansa na Jibiya kuwa sai ya yi kuɗin mota. Jigawa ta kafa hukumar sasanta manoma da makiyaya, sauran jihohi me suke jira?

Maganar bashi kuma. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Kabi a watan Nuwamban 2015, an fitar da kuɗi sama da naira tiriliyan ɗaya, kuma har yau ana rigimar wa ya ci wa zai biya. Mutane da yawa sun ba da hoto da lambar BVN ga wani shugaban ƙungiya, aka ba su buhun taki biyu da injin feshi, suka ɗauka rabon gwamnati ne. Ba su ga takardar ba, ba su san nawa aka rubuta a kansu ba. Tun 2020 kuwa akwai umarnin Babban Banki da ya ba bankuna damar cire bashin da aka ƙi biya daga duk wani asusun mai wannan lamba. Lambar BVN ɗinka wuyanka ce, kada ka miƙa ta ga wanda ba zai nuna maka adadi a rubuce ba. In kamfanin shinkafa ko na tumatir ya kawo muku yarjejeniyar ba da iri da taki a biya da kaka, ku tambaya tun kafin shuka: da wane farashi za a karɓa, da wane ma'auni, wa zai duba danshi, in ambaliya ta zo asarar a kan wa take, an yi inshora ko ba a yi ba, takardarta tana hannun wa. Mai sayen taki da iri ya karɓi rasit ya ajiye buhun, domin tun 2019 akwai dokokin tarayya da suka tanadi hukunci a kan gurɓataccen taki da jabun iri, amma ba a kama kowa da labarin baka. Ku kuma 'yan kasuwar hatsi, ku tuna tun 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga waken Nijeriya saboda maganin ƙwari da ake zuba masa. Wanda Bature ya ƙi, 'ya'yanmu ne suke cinye shi.

Abu ɗaya da kowa ya kamata ya haddace: rigimar bashi da ta iyakar gona ba aikin ɗan sanda ba ce. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓanin ciniki ko yarjejeniya, ta kuma hana kama wani a madadin wani, uba saboda ɗa ko mata saboda miji. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a, tana da ofisoshi a jihohi, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, ko ɗakunan taimakon shari'a na jami'o'i irin na Ahmadu Bello da Bayero. Sulhu ya fi shari'a sauƙi da arha, amma sulhun ma a rubuta shi.

Malamanmu, ku ba wannan magana huɗuba guda a cikin ranin nan, ku faɗi hukuncin mai cin taƙin ƙasar wani da mai danne gadon 'yar'uwarsa. Iyayenmu sarakuna, hakimai da dagatai, Allah ya ja zamaninku, ku buɗe littafin gonaki a kowace fada, ku sa kuɗin rubutu ya zama sananne kuma kaɗan, ku kori duk wanda ya sayar da gona ɗaya sau biyu ko ya sa hatimi a kan burtali. Shugabannin ƙananan hukumomi, tun Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ku kuɗinku kai tsaye. Ku farfaɗo da kwamitin ba da shawara kan rabon ƙasa da doka ta ce kowace ƙaramar hukuma ta samu, ku ɗauki ma'auna su zagaya ƙauyuka. Lauyoyi da ɗaliban shari'a 'ya'yan manoma, da kuɗin gyaɗa da na ɗan maraƙi aka biya muku makaranta, ku ba garinku Asabar ɗaya a wata. 'Yan jarida, ku karanta wa mutane sassan dokar nan da Hausa da Fulatanci a rediyo.

Kai kuma mai karatu, in kai ne mai boko a gidanku, aikin a wuyanka yake. Ranar Juma'ar nan bayan an sauko, ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi da biro, ka ɗauki mahaifinka ko baffanka, ku kira maƙwabtan gona na kusurwa huɗu da mai unguwa, ku taka iyaka da ƙafa tun daga gamba har zuwa aduwa, ka rubuta abin da suka faɗa, kowa ya sa hannu. Ka fara da gonar gwaggonka da aka ce ana riƙe mata.